Jinin da Ba Ya Zuba

A garinmu Pukarumi abu biyu aka san Nemesio Chauca da su: ba ya barci, kuma jininsa ba ya zuba. Na farkon, matarsa Primitiva ce kaɗai za ta ba da labari. Na biyun kuwa a idon jama'a ya faru, ranar bikin San Isidro, waliyyin manoma, ana feɗe tunkiya a bayan coci. Wuƙa ta kuɓuce ta shige masa tafin hannu har kusan ƙashi. Mata suka sa ihu, aka ruga neman tsumma. Kafin tsumman ya iso jinin ya tsaya cak, ya yi baƙi, ya liƙe bakin raunin kamar ƙaro a jikin itace. Nemesio ya dubi hannun, ya goge a wando, ya ce a miƙo masa ƙafar bayan.

Daga ranar magana ta bazu cewa tafkin da ke saman garinmu ne ya yi masa kyauta. Samari suna nuna shi da baki in ya wuce. Ita ma Primitiva, gaskiya ɗaya ce, ta sha yin tutiya da abin a rumfarta ta kasuwa, inda take sayar da cuku da gasasshiyar masara. In wata ta kawo kukan mijinta ya yi targaɗe ya kwanta sati guda, sai ta gyara zama ta ce, "Ni nawa ko wuƙa sai ta nemi izini." A yi dariya, ita ma ta yi. Ta daɗe tana wannan dariyar.

Tafkin yana can sama a gindin dutsen ƙanƙara, tafiyar rabin yini daga gari. Yana da suna a takardun gwamnati, amma mu Mai Barci muke ce masa, kuma ba a nuna shi da yatsa. Sau ɗaya ya taɓa farkawa a sanin masu rai. Lokacin Nemesio bai wuce shekara bakwai ba, ya bi kakarsa kiwon tumaki a gangaren da ke saman ruwan. Yana tsaye kan wani falalen dutse ya ga ƙanƙara mai girman coci ta ɓalle ta faɗa cikin tafkin. Ruwan ya miƙe tsaye, ya tsallake bakinsa, ya nufi gari da laka da duwatsu. Yaron ya buɗe baki yana yi wa uwarsa ihu ta gudu. Ihun ɗan shekara bakwai ina zai kai? Uwar da ƙannensa biyu suna nan har yau a ƙarƙashin kasuwa, don ba a tono kowa ba, a kansu aka sake gini. Primitiva ta san inda rumfarta take, shi ya sa ba ta taɓa zubar da ruwan zafi a ƙasa ba.

Bayan abin ya faru gwamnati ta ɗaga bakin tafkin da siminti, ta kafa ɗakin kwano a gefe, ta sa masu gadi biyu suna karɓa-karɓa, kowa sati biyu, da rediyon oba-oba a hannu. In babbar ƙanƙara ta faɗo, mai gadi ya kira gari, a kaɗa ƙararrawar coci, mutane su haye tudu. Nemesio yana fara gemu ya je ya nemi aikin. Ba a ma yi masa doguwar tambaya ba, don babu mai rububinsa. Da ya zo neman auren Primitiva, uwarta ta ja ta gefe ta ce, "Yaron kirki ne, amma kin lura ba ya zama ya juya wa dutsen baya?" Ta lura. A lokacin sha'awa abin ya ba ta.

Wanda bai taɓa zama a can ba zai ɗauka aikin zaman banza ne. Alhali ƙanƙara ba ta iya shiru ba. Wuni take tana ƙara, wani lokaci kamar an karya kara, wani lokaci kamar an harba bindiga a cikin rijiya, kuma babu mai iya bambance ƙaramar faɗuwa da babba sai bayan ta faɗo. Duk ƙarar da aka yi, Nemesio ya zabura ya fito, babban yatsa a kan maɓallin oba-oba, zuciya tana dukan uku-uku. Ya tsaya ya ga ɗan guntu ne, igiyar ruwa ta zo ta lashi siminti ta koma. Ya shiga ciki ya ɗauki cokalinsa. Kafin ya kai baki a sake. Haka ya yi fiye da shekara talatin, gari kuwa yana ƙasa yana sharar barci da minshari, ko ƙullin ganyen koka da muke taunawa babu wanda ya taɓa aika masa na godiya.

Abokin karɓarsa Casimiro, wani ƙato mai tumbi, shi ruwan bai dame shi ba. In ya sauko hutu yakan tsaya a rumfar Primitiva ya damƙi masara ba tare da an yi masa tayi ba.

"Matar aboki, ki ja wa mijinki kunne. Jiya na je karɓarsa, na yi tusa ɗaya tak, wallahi saura ƙiris ya tashi gari."

"Kai da barcinka na gawa? Ai gara nawa. Ranar da abin zai zo, a mafarki za ka ji labari."

"To in zai zo, idona ne zai tare shi? Ni dai in ci, in kwanta, in ta faɗo in danna. Shi kuwa kullum sai ya mutu sau ashirin kafin la'asar."

Primitiva ta jefe shi da totuwa, amma maganar ta zauna mata.

Don ko sati biyun da yake yi a gida, jikinsa ne kawai yake saukowa. Da takalmi yake kwana. Ba a sa wa ƙofarsu sakata. A coci bencin bakin ƙofa ne nasa. Murfin tukunya ya faɗi a madafa, kafin ya gama rawa a ƙasa Nemesio yana tsakar gida ya ɗaga kai sama. In ta taɓa bayansa sai ta ji shi a ɗaure kamar igiyar shanya. 'Yarsu tilo, Rosalía, da sanɗa ta girma a gidan ubanta. Tana samun hanya ta tafi Lima, babban birni, ta yi aure can, inda za ta buga ƙofa yadda take so. Shi ba mafaɗaci ba ne, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Primitiva tana son sa, so mai haɗe da tausayi da ɗan haushi, irin na matan da suka daɗe a ɗaki.

Jiki magayi. Da ya ba hamsin baya sai ciwon kai ya fara, kunne ya riƙa yi masa shuu. Sannan 'yar gangaren kasuwa ta fara sa shi tsayawa yana dafe bango, mutumin da yake hawa tafki ba ya ko haki. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na hagu, ya tsaya yana kallon hannun kamar na aro. Primitiva ba ta yi shawara da shi ba. Ta rufe rumfa, ta tasa shi gaba zuwa asibitin gari.

Nas ɗin da ta zo ɗibar jini ta soka allura, ta ja, jinin ya shigo kaɗan ya tsaya. Ta canza allura ta koma ɗaya hannun. Wanda ta samu, kafin ta kai shi tebur ya fara kamawa a cikin kwalbar. Ta ɗaga shi a hasken taga, ta karkata, bai gudana ba. 'Yar gari ce, ta san labarin tunkiyar San Isidro. Ta yi alamar gicciye a ɓoye, amma Primitiva ta gani.

Likitar, Dakta Zulema, yarinya ce daga bakin teku, mai magana a hankali. Ta auna, ta saurara, ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta yi ta tambaya: yaya barci, yaya aiki, tun yaushe. Da sakamako ya dawo ta zaunar da su biyun.

"Baba, bari in yi maka bayani yadda za ka gane. A cikin jinin kowa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu. Aikinsu guda ne: in mutum ya ji rauni, su ruga wurin su manne da juna su toshe. Duk lokacin da ka firgita, jiki yakan aika musu cewa ku shirya, rauni na tafe. In abin ya wuce sai su saki jiki. To naka an yi shekara da shekaru ana ce musu ku shirya, ba a taɓa ce musu ku huta ba. Abu kaɗan sai su dunƙule. Ga zaman tsauni ya kaurara jinin, ga hawan jini ya ƙuje hanyoyin. Tsorona kada wata rana su taru inda babu rauni, a jijiyar da ke shayar da zuciya, su toshe ta."

Nemesio ya yi ɗan murmushi. "Ashe masu gadi ne irina."

"Irinka ne, Baba. Su ma ba su san tashi daga aiki ba."

Primitiva ba ta yi dariya ba. Kunya ce ta rufe ta, da tsoro. Abin da ta yi shekaru tana baza wa matan kasuwa, ashe ciwo ne yake ɗaga mata hannu, ita kuma tana amsa gaisuwa.

Likita ta rubuta magani, na tsinka jini da na saukar da shi. Ta hana gishiri. Ta ce aikin tafki ya ƙare, kada ya sake hawa. Sannan ta dubi Primitiva. "Mama, in ya ji nauyi a ƙirji, ko a hannu, ko a muƙamuƙi, ya faɗa nan take, ku taho da gudu. Wannan ciwon shiru ne abokinsa. Na san mazan nan naku, sai su haɗiye."

Ya ajiye aiki, aka ɗauki wani a madadinsa. Primitiva ta ɗauka an gama. Ta yanka kaza, ta sa sakata a ƙofa karon farko, ta ɓoye masa takalmi.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. A sama, ko ba komai idonsa yana kan ruwan. A ƙasa kuwa ruwan ne yake kansa, ga shi kuma a hannun Casimiro. Ya fitar da kujera tsakar gida ya fuskanci dutsen, nan yake wuni. Ta kawo abinci ya ce, "Yanzu haka ya kwanta. Na san shi, in ya ci dankali sai barci." Wata Lahadi aka kaɗa ƙararrawar shiga coci, ya suri jikar maƙwabta a kafaɗa, sai da ya kai rabin tudu aka tare shi, fuskarsa ta yi toka. Maganin yana sha ba fashi, amma awo ya ƙi sauka yadda likita take so. Ta ƙara ƙwaya, ta ce a nemo masa abin da zai ɗauke masa hankali. Aka ba shi zomaye ya yi kiwo. Zomayen suka yi ƙiba, shi yana ramewa.

Wata rana Primitiva ta tsaya a ƙofar madafa tana kallon ƙeyarsa, sai ta ga kamar kayan mutum ne aka jingine a kujera. Ta san in aka ci gaba a haka ba zai ga girbin dankali ba. Ta ɗauki mayafinta ta nufi gidan Mama Eulogia, tsohuwar mai maganin da ta karɓi haihuwar rabin garin.

Tsohuwar ta ce a kawo shi ran Talata, tare da baƙin ɓeran masar daga cikin waɗanda suke kiwo a madafarsu. Ta sa ya tuɓe riga ya kwanta a kan fatar tunkiya. Ta kama dabbar ta riƙa goga ta a jikinsa daga ka zuwa tafin ƙafa, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Ɓeran yana ta tsuwa har aka dawo kan ƙirji. Nan ya yi shiru, ya miƙe ƙafafu, ya mutu a hannunta. Mama Eulogia ta fita da ɓeran haske, ta farke shi a kan kwanon ruwa. Ko ɗigo bai zuba ba. Ta ciro 'yar zuciyar ta matsa da yatsu biyu, sai wani baƙin guda ya fito, dogo kamar tsutsa, ya nutse a ruwan. Ruwan bai ko canza launi ba.

Primitiva ta ƙura wa ruwan ido. Abin da likita ta faɗa da baki, ga shi a kwano.

"Firgita ce, ta tsufa a jikinsa," in ji tsohuwar. "Kai Nemesio, ranar da ruwan nan ya tafi da uwarka, wa ya kira maka kurwa?"

"Babu kowa, Mama. Kaka ta zauce, ni kuma aka kai ni gidan kawu."

"To ka ji. Yaro in ya firgita ana kira masa kurwa kafin sati, kai an bar taka shekara hamsin a kan dutse tana ihu. Kana nan, tana can, jinin ya rasa wa zai bi. Ba tafkin kake gadi ba, ɗana. Wajen yaron nan da ka bari a kan dutse kake komawa."

Nemesio, wanda ko a jana'izar kakarsa bai yi hawaye ba, ya juya fuska bango.

Tsohuwar ta wanke hannu ta fuskanci Primitiva. "Da sabuwa ce, da malfarsa kawai za ki kai wurin ki kira kurwar ta shiga ciki, shi yana gida kwance, yadda aka saba. Amma wannan yaron bai san malfar tsoho ba. Dole ya ga mai ita."

"Mama, likita fa ta ce kada ya hau."

"Ta ce kada ya hau da ƙafa ya koma aiki. Motar kai kaya ba ta zuwa ran Juma'a? Ku bi ta. Dawowa ai gangara ce. Yarinyar nan likita ta ga jinin, ban ƙaryata ta ba, ya ci gaba da shan ƙwayarta. Ni kuma na ga abin da ke kaɗa jinin." Ta ɗaga yatsa. "Da rana tsaka za ki yi kiran, inuwa tana ƙarƙashin ƙafa. Ki tafi da alewa, yaro ne. Ki kira shi da sunan da uwarsa take kiransa. In kin ji malfar ta yi nauyi, ki rungume ta ki kamo hanya, ke a gaba, mijinki a baya. Kada ki waiwaya. Kada ɗayanku ya yi magana, ko wa ya gaishe ku. Kurwar da ta daɗe a daji kamar tsuntsu take, kalma ɗaya ta tashi, kuma ba ta sake amsawa. Sai kin ajiye malfar a kan matashinsa sannan ki buɗe baki."

Babu wadda ta yi ƙarya a cikin matan nan biyu, kowacce alheri take nufi. Sai dai ɗaya ta ce ya yi magana, ɗaya ta ce ya yi shiru, kuma Primitiva, da ta ƙagu ta ga mijinta ya dawo mutum, ba ta haɗa maganganun wuri guda ta duba ba.

Ran Juma'a suka hau bayan motar kaya, tsakanin buhun dankali da tukunyar gas. A hanya ne ya faɗa mata sunan, yana kallon gefe kamar mai faɗin abin kunya. Nimicha. Duk zaman aurensu ba ta taɓa ji ba.

Casimiro ya fito daga ɗakin kwano yana miƙa. "A'a, tsohon ma'aikaci! An zo duba ko na sayar da ruwan ne?" Sai ya ga malfa a hannun Primitiva da ƙullin alewa. Ya haɗiye sauran maganar, ya cire tasa hular, ya ja direba ciki su ci abinci.

Falalen dutsen yana nan yadda yake. Tafkin kore shar, ba ya motsi, ƙanƙara a samansa fara ƙal har ido ba ya iya tsayawa a kanta. Nemesio ya tsaya gefe, kai a buɗe, iska tana kaɗa furfurarsa. Primitiva ta durƙusa ta jera alewar, ta riƙe malfar a buɗe tana kaɗa ta a hankali kamar mai kiran kaji. Da farko kunya ta hana muryar fita.

"Nimicha. Nimicha, taho. Me kake yi nan cikin sanyi? An ji ihunka, ya isa haka. Taho gida, ga alewa, ga miya a wuta. Babu mai yi maka faɗa. Taho, ɗan Mama."

Tana cikin kira ta lura da abin da ya canza. Ƙanƙarar ta yi shiru. Tun da suka sauka daga mota take ƙara, yanzu ko ɗigon ruwa ba a ji. Iska ma ta tsaya. Ta dubi mijinta ta ga kafaɗunsa sun sauka, abin da ba ta taɓa gani ba, hawaye yana bin gemunsa. Malfar kuwa ta yi ɗumi a hannunta, ta yi nauyi kamar an sa ɗan kyanwa a ciki. Ta rungume ta a ƙirji, ta juya wa tafkin baya.

Hanyar makiyaya suka bi, wadda ta fi ta mota kusa, tana gangarawa tsakanin duwatsu. Tana jin takunsa a bayanta, mai nauyi, ƙafar hagu tana ɗan ja. Ta san takun nan ko a cikin taro. Suka wuce ɗakin kwano, suka wuce motar, suka sha kwanar farko inda tafkin yake ɓacewa. Can sai ta ji tsakuwa ta gangara, sannan ba ta ji komai ba.

Ta rage tafiya. Wuyanta ya riƙa ja da kansa zai juya, ta ƙi. Sunansa ya zo mata har bakin leɓe, ta cije. Kalma ɗaya, wahalar duka ta tashi a banza, ya koma kujerarsa ya ƙarasa ramewa. Ta ce a ranta igiyar takalmi yake ɗaurewa, ko fitsari ya tsaya yi. Ta ci gaba da taku ɗai-ɗai tana ba shi lokaci.

Sai takun ya dawo. Daɗi ya kama ta. Sai dai ya canza. Babu nauyin, babu jan ƙafar. Gajere ne, mai sauri, biyu a duk ɗaya nata, wani lokaci har da ɗan tsalle daga dutse zuwa dutse. Ta ce lallai maganin Mama Eulogia ya fara ci tun a hanya. Murmushi ta yi ta yi har gangaren ya ƙare.

A gonakin bakin gari ta fara haɗuwa da mutane. Duk wanda ya ga mace rungume da malfar namiji, ido a ƙasa, ya san abin da ake yi. Maza suka cire huluna suka ba ta hanya. Mata suka ja 'ya'yansu gefe suka toshe musu baki. Kowa ya ga ita kaɗai ce, kuma babu wanda abin ya ba mamaki, don a saninsu mai ciwo yana gida kwance yana jira. Ta ratsa kasuwa, ta wuce rumfarta, gari guda ya yi mata shiru saboda ladabi. Takun yana biye da ita.

Ta tura ƙofa ta shiga ɗaki, ta ajiye malfar a kan matashi da hannu biyu, ta sauke numfashi.

"Mun iso, Maigida. Zo ka kwanta."

Ta juya. Ƙofa a buɗe, rana ta yi ja a tsakar gida. Karensu yana bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya, yana lasar iska daidai tsayin ƙugunta.

Casimiro ne ya same shi da la'asar, da ya fita ɗebo itace. Yana zaune a bayan kwanar farko, ya jingina da dutse, fuskarsa tana kallon hanyar gari. Hannu ɗaya a ƙirji. Da ɗaya hannun ya cusa gefen bargon ulun da ya yafa a baki, ya cije shi, har sai da aka yanka ulun kafin a raba. Daga inda yake zuwa ɗakin kwano, ko yaro ya yi kira za a ji. Ga oba-oba, ga mota a lokacin ba ta tashi ba. Ƙaton nan a bayansa ya goyo shi, yana tafe yana kuka yana zaginsa. Dakta Zulema ta ce gudan jini ne ya toshe jijiyar zuciya, kuma irin wannan sau da yawa yakan ba mutum lokaci, ba nan take yake kashewa ba. Ga Casimiro ta faɗa, a waje, ta roƙe shi kada ya kai wa matar. Amma a garinmu magana ba ta kwana inda aka ajiye ta.

A zaman makoki Mama Eulogia ta shigo tana dogara sanda. Mata suka dare, wasu suna harararta, cikinsu har da waɗanda ta kira wa 'ya'yansu kurwa suka warke. Ta zauna a ƙasa kusa da Primitiva, tsufanta duk ya fito.

Can ta ce, "'Yata, ni na ce ku yi shiru."

Primitiva ta girgiza kai. Idonta a bushe yake. Tun da aka fara zaman tana yi tana duban ƙofar ɗakinsu, ta hana kowa shiga, har Rosalía da ta taso daga Lima. A gefenta akwai wani ƙaramin kwano da ta zuba miya ta rufe.

"Kada ki ce haka, Mama, aikinki ya ci. Yaron ya biyo ni har gida, ban yar da shi a hanya ba." Ta matso, ta rage murya don kada a jiyo daga ɗakin. "Wanda zan miƙa wa shi ne bai zo ba. To yanzu ki faɗa mini, yaya zan yi da shi?"